Shekarar da Ruwan Dam Ya Janye

Litinin, 4 ga Maris

Ruwa ya ƙara ja da baya. Gadar katakon da jiragen 'yan shan iska ke tsayawa yanzu a sama take rataye, ƙarƙashinta busasshen taɓo duk ya tsattsage. Shekara goma da 'yan kai ina aikin sintiri a bakin dam ɗin nan, ban taɓa ganin ya rame haka ba.

Da safe na karanta dokoki a lasifika kamar kullum. Ba wanka sai tsakanin tutoci. Ba hura wuta a ƙasa. Ba jefa fatsa sai da izini. Ba kwana. Mutum biyu ne kacal a wurin da karensu, kuma karen ne kaɗai ya ɗago ya dube ni.

Manaja ya ce daga gobe in ƙara guda: ba wanda zai taka inda ruwa ya janye. Sama ya bushe kamar daɓe, ƙasa kuwa caɓi ne mai haɗiye mutum. Yini muka yi ni da Dogo, abokin sintirina, muna kafa sanduna muna ɗaura jan ƙyalle. Bayana kamar zai ɓalle.

Alhamis, 7 ga Maris

Dogo ne ya fara gani. Ya miƙo min madubin hangen nesa, ya nuna can tsakiya da haɓa.

Katangu. Rabi-rabi, baƙaƙe, na dutse. Bakin rijiya. Kututturan itatuwa a tsaitsaye kamar ruɓaɓɓun haƙora.

Tsohon garinmu ke nan, wanda aka tasa kafin a tare ruwa. A can aka haife ni. Ina goye aka kwashe mu, a bayan gwaggona, don Inna ba ta kai lokacin ba. Ina jaririya ta rasu. Can take kwance. Ban san fuskarta ba, ko hoto babu.

Na duba, na sake dubawa, ina jira in ji wani abu a ƙirjina. Ban ji ba. Duwatsu ne.

Baba dai ba zai ji daga bakina ba.

Asabar, 9 ga Maris

An riga ni. A wajen mai aski ya jiyo.

Na dawo na tarar da shi a bakin ƙofa, ya sa hula, sanda a kan cinya, kamar mai jiran mota. Ko sannu da zuwa babu.

"Soja, an ce gari ya fito."

Tun ranar da na fara sa kaki yake ce min Soja, har 'yan wajen aiki suka ɗauka.

Na ce duwatsu ne kawai, Baba. Ya ce, "To da kansu suka hau kan juna?"

Sai ya ɗauko labarin da na daɗe da haddacewa. Yadda hukuma ta yi alkawarin za a kwashe kaburbura, motoci suka zo suka ɗebi kwanon rufi da awaki da tukwane, aka ce na ƙasa sai zuwa na gaba. A zuwa na gaban ruwa ne ya zo.

Ya ce ba wani abu zai yi ba. Ba zai tona ba, ba zai ɗauko komai ba. Tsayawa kawai, a kanta, sau ɗaya, kafin damina ta dawo da ruwa.

Mutumin da sai ya huta a hanya tsakanin ɗaki da bayi.

Na ce zan yi wa Manaja magana. Don in samu in cire takalmi na faɗa.

Talata, 12 ga Maris

Manaja ba mugu ba ne, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Ya ba ni kujera, ya saurare ni har ƙarshe, har da cire tabarau. Sannan ya ce daga jan ƙyallen nan har tsakiyar ruwa ƙasar hukuma ce, ko da a kai aka haifi kakan mutum. In ya bar babana yau, gobe tsofaffi ne za su cika ƙofa, kowa da nasa mamacin. "In ɗaya ya nutse wa za a tambaya? Ke ma kin sani."

Na sani. Bara waccan ni na riƙe ƙafafun saurayin da ya wuce tutoci da iyo, muka fito da shi. Uwarsa ta cakumi wuyan kakina tana tambayata ina nake lokacin. Ina wurin. Na busa usur har maƙogwarona ya bushe, ya ɗago min hannu yana dariya. Tun daga ranar ban ƙara yi wa dokokin nan kallon surutu ba.

Na faɗa wa Baba an ce a'a. Ya ce, "Shi ya ce, ko ke?"

Laraba, 13 ga Maris

Baba bai taɓa abincin ba. Na rufe na ajiye, da safe na zuba wa kaji.

Lahadi, 17 ga Maris

Yaya ya kira daga birni. Baba ya kai masa ƙarata ashe.

"Ke da kaki a jikinki, tsoho ɗaya ya gagare ki shigarwa? Ki kama hannunsa da sassafe ku je ku dawo, wa zai gani?"

Na ce ya zo ya kama hannun da kansa. Wai aiki ya yi masa yawa. Kullum aiki. Shi ne ma ya san Inna, yana tuna muryarta in ji shi, amma ni ce zan ajiye aikina a gefe in kai tsoho cikin laka.

Juma'a, 22 ga Maris

Saniyar wani makiyayi ta tsallake ƙyalle tana neman ruwa, ta rufta. Muka kawo igiya, muka kawo motar hukuma. Duk jan da muka yi sai ta ƙara shigewa. Ba ta ma yi kuka sosai ba, ido kawai take juyawa. Daga ƙarshe mai ita ya ja ciki a kan wani tsohon ƙyaure ya isa gare ta, ya yanka ta a inda take don kada ta kwana tana wahala.

Na kwashe labarin kaf na zayyana wa Baba, ban rage komai ba, da gangan. Ya saurara yana gyaɗa kai. Da na gama ya ce, "Saniyar 'yar garin ce?"

Na tashi na bar masa tabarmar.

Litinin, 1 ga Afrilu

An kafa sabon allo a ƙofa, mai launi, da zanen katanga da kifi: ku zo ku ga garin da ya nutse. Jirgi zai riƙa ɗaukar mutane ta tsohon kwarin kogi, inda har yanzu akwai zurfi, ya gewaya da su kusa da kangayen ya dawo.

Tun ƙarshen mako wuri ya cika. Masu lemo, masu balan-balan, masu hoto, kiɗa a kowace rumfa. Manaja bakinsa har kunne, ya ce rabon da a ga jama'a haka tun yana sabon zuwa.

Wanda ke da nasa a kwance can ba zai taka ba. Wanda bai da kowa zai hau jirgi ya sha kallo. Ban faɗa a fili ba.

Manaja dai ya ce a ba Baba kujera ɗaya a jirgin, kyauta. Ya fi babu, in ji shi.

Asabar, 6 ga Afrilu

Mun shiga jirgin ni da Baba. Na ɗauki hutun rabin yini, na cire kaki.

Rigar ceto ta ƙi zama a kan doguwar rigarsa, na yi ta ɗaure masa igiyoyi kamar ina shirya ɗan yaye. Ya dubi kansa ya ce, "An mai da ni kabewa." 'Yan matan da ke gefe suka kwashe da dariya, shi ma ya yi. Rabon da in ga haƙoransa har na manta.

Mai jirgi yana tuƙi yana zuba labari da ƙarfi. Nan kasuwa, can kurkuku, wai in gari ya yi tsit ana jin daka daga ƙarƙashin ruwa. Duk shi ya ƙirƙira, ya girme ni da kaɗan ne kuma ba ɗan nan ba ne. Na zaci Baba zai ƙaryata shi. Ya ƙanƙame gefen jirgi yana rarraba ido.

"Ga gidanmu can." Ya nuna wata katanga. Jirgi ya ɗan karkata. "A'a. Wancan ne, mai kusurwar." Can ya ce, "Ina tsamiyar?"

Maƙabartar a bayan wata tsamiya take, in ji shi. Ga kututture nan birjik, duk baƙi, duk iri ɗaya.

Wata mata ta ce ko Baba zai ɗan matsa, kansa yana tare mata hoto. Ya matsa. Har da ba ta haƙuri.

Jirgi bai tsaya ba. Doka ta hana tsayawa.

A hanyar gida ya ce daga cikin ruwa komai a juye yake, shi bai taɓa shiga garinsu ta kogi ba. Da ta tudu ya shiga, da ƙafa, ta inda ya saba dawowa daga gona, ko idonsa a rufe zai kai. Na ce to Baba, an dai gani.

Ya ce, "Me aka gani?"

Alhamis, 11 ga Afrilu

Ya daina maganar. Yana cin abinci, har da neman ƙari. Kullum da yamma sai ya yi ta kai da kawo a tsakar gida da sandarsa, daga randa zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa randa, wai likita ya ce motsi na da kyau. Ya kai takalmansa wajen mai gyara.

Hankalina ya ɗan kwanta. Ga alama jirgin nan ya cire masa abin.

Lahadi, 21 ga Afrilu

A kan bencin asibiti nake rubutu. Bari in rubuta yadda ya faru ko zai fita daga kaina.

Jiya da rana tsaka, wuri cike maƙil, ina ɓangaren masu wanka. Na hango wani farin abu can bayan jan ƙyalle, ya yi nisa ƙwarai. Mutum ne, yana tafiya a hankali, miƙe, ya nufi kangayen. Raina ya ɓaci. Na busa usur da duk ƙarfina, na ɗaga lasifikar hannu: "Malam mai farar riga! Ka karya doka! Ka dawo yanzun nan!" Na maimaita, na sake maimaitawa. Jama'a duk suka juya.

Ya tsaya. Ya waiwayo. Sai na ga ya gajarce.

Dogo ya sauke madubi daga idonsa ya ce a hankali, "Soja. Sandar nan na san ta."

Ashe mai babur ya samu ya zagaya da shi ta hanyar makiyaya, ta tudu, inda ba mai gadi.

Ban tuna gudun da na yi ba. Na tuna Dogo yana ihu a oba-oba, rediyon hannun da muke kiran juna da shi, na tuna muna ɓalle katakan gadar jirage da hannu. Muna shimfiɗawa, muna ɗauko na baya muna mayarwa gaba. Ni ce mara nauyi, ni na ja ciki a kan na ƙarshe. Kafin in isa laka ta wuce ƙugunsa, tana neman ƙirji. Hularsa na gefe a kife.

Bai dube ni ba. Idonsa na kan wani kututture a gabansa. "Ga ta can. Saura kaɗan."

Na zura igiya ta ƙarƙashin hammatarsa, ya buge min hannu. Baba, da bai taɓa ɗaga min yatsa ba tun ina ƙarama. Ya ce, "Koma ki ci gaba da busa."

Na ɗaura igiyar duk da haka. Da hannu muka yi ta yashe lakar da ke gefensa, tana komawa muna yashewa, har rana ta yi ja. Da ya fito, laka ta riƙe takalmansa da wandonsa. Dogo ya tuɓe rigarsa ya rufa masa, amma an riga an gani. Mutane sun yi layi a bakin ƙyalle, kowa waya a sama.

Da muka iso da shi sai suka hau tafi.

Talata, 23 ga Afrilu

Likita ya ce ba karaya, amma ya shaƙi ruwan laka, sanyi ya kama haƙarƙarinsa. Ƙafafun sun kumbura. Ana yi masa ƙarin ruwa. In na shigo sai ya juya fuska bango.

Yaya a waya: "Kina ina har ya shiga?"

Shi ɗin nan dai. Mai cewa in kama hannunsa da sassafe. Na kashe wayar.

Alhamis, 25 ga Afrilu

Hoton bidiyon da aka ɗauka ya zaga ko'ina. Wani ya rubuta a ƙasa wai tsoho ya je haƙo tukunyar zinariyar da ya binne. Wani ya ɗora masa kiɗa. Muryata ta fito tar a ciki, ka karya doka, ka karya doka.

Nas ɗin da ke canza masa ruwa ta dube ni ta ce, "Yi haƙuri, ke ce mai lasifikar?"

Na ce ni ce 'yarsa. Ta ce, "Au."

Litinin, 29 ga Afrilu

Manaja ya kira ni ofis. Yau ma ya ba ni kujera.

Daga sama aka ce. An hana Baba shiga harabar dam gaba ɗaya. An ciro fuskarsa daga hoton nan an manna a ɗakin masu gadin ƙofa, kusa da ta 'yan sane da ta mutumin da ya zuba wa kifi guba. Ni kuma an mayar da ni wajen ajiye motoci har ƙura ta lafa, don wai bai kamata a ce 'yar mai laifin ce ke tsaron wurin ba. Na ajiye masa usur da oba-oba a kan tebur. Ya ce shi ma ba da son ransa ba, kuma na yarda.

Ana cire jan ƙyalle ana kafa waya mai ƙaya.

Laraba, 1 ga Mayu

Matsa gaba. Dawo baya. Karya kan motar. Aikina ke nan yanzu. Daga nan ba a ma hango ruwa.

Asabar, 4 ga Mayu

Yau Baba ya yi min magana. Ina goge masa ƙafa, idonsa a kan silin.

"A kan hanya nake."

Na ce wace hanya, Baba?

Ya ce akwai hanya ta dutse daga tudu har cikin gari, ta gaban maƙabarta take wucewa. Su suka shimfiɗa ta suna samari, saboda amalanke na kafewa da damina. Tana nan ƙarƙashin lakar, da sanda yake lalubo ta, taku bayan taku, kuma ba ta yaudare shi ba ko sau ɗaya.

"Kiran da kika yi ne na juya. Ƙafata ta sauka gefe."

Ba da faɗa ya faɗa ba. Da ma da faɗa ne.

Na tambayi Dogo da yamma. Ya ce zazzaɓi ne ke magana, wace hanya bayan shekara kusan arba'in a cikin ruwa? Sa'a ce kawai ta kai shi inda ya kai. "Da ba ki busa ba, da yanzu gawa muke nema."

Na yarda da Dogo. Dole in yarda da Dogo.

Alhamis, 9 ga Mayu

Ruwan farko ya sauka. Kowa na murna, har masu gadi suka fito suna tara hannu. An sallame mu daga asibiti, ba don ya warke ba, gadon ake so. Yana kwance yana sauraron ruwa a kan kwano. Bai ce in rufe taga ba, ni ma ban rufe ba.

Lahadi, 12 ga Mayu

Yaya ya zo da mota ya ɗauke shi. Can akwai babban asibiti, kuma can ba dam. Ban yi gardama ba. Na haɗa masa kaya a jaka ɗaya, ko cika ba ta yi ba.

Mu biyu muka ɗaga shi muka sa a gaba. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Na tsaya ta taga ina jira ko zai ce wani abu. Ya ce, "Ki riƙa rufe kajin nan da wuri, akwai muzuru."

Shi ke nan.

Ɗakinsa na warin man zafi. Na ja ƙofar na bar shi haka.

Juma'a, 17 ga Mayu

Kullum da yamma matar Yaya na kara wa Baba waya a kunne. Tambaya ɗaya ce: "Ruwa ya rufe garin?" In ce saura. Sai tari, sai ta karɓe.

Yau ta fita waje da wayar ta ce min ba ya cin komai sai ruwan shayi, kuma likitan ya fara jan Yaya gefe in zai yi magana.

Litinin, 20 ga Mayu

An yi ruwa a can sama, kogi ya kawo. Dogo ya ce bakin rijiyar ya ɓace, ƙananan katangu ma haka. An dakatar da yawon jirgi, an cire allo mai zanen kifi an jingine a bayan ofis. Masu balan-balan sun kama gabansu. Nan da 'yan kwanaki wuri zai koma yadda yake, shuɗi, lumui, kamar ba a taɓa yin komai ba.

Katakan da muka ceto Baba da su suna can inda muka bar su. Manaja ya ce a manta da su, za a kira kafinta.

Laraba, 22 ga Mayu

Ba wani abu ba ne. Katakan hukuma ne, masu kyau, bai kamata a bar ruwa ya tafi da su ba. Abin da ya kai ni ke nan.

Da safe ana yayyafi, ko mota ɗaya babu. Na ɗauki sandar tsohon tsintsiyar ofis na zagaya ta hanyar makiyaya. Waya mai ƙayar ba ta kai can ba, masu kafawa sun gaji a hanya. Na tsaya a kan tudu ina kallon lakar. Na ce zan gwada kaɗan, in ta yi laushi in koma.

Na soka sanda, ta shige har kusan hannuna. Na matsa na soka, haka. Na ƙara matsawa wajen wani dutse mai kama da turmi, na soka.

Ƙwas.

Na sake sokawa gaba kaɗan. Ƙwas. Laka ba ta wuce tsawon tafin hannu ba, ƙarƙashinta abu mai tauri. Na ɗora ƙafa. Ta tsaya. Na ɗora ɗayar.

Faɗinta bai wuce na amalanke ba. Tana ɗan lanƙwasa, in na rasa ta sai in laluba hagu da dama, sai ga ta. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Ba wanda ya busa min komai.

Na iso inda katakan suke. Ramin da muka ciro shi ya cika da ruwa, ya zama ɗan kududdufi. Na soka sanda a gefensa, dutse. Na soka a cikinsa, ba ƙasa. Taku ɗaya ne tsakani. Ko taku bai cika ba.

Na daɗe a wurin.

Sai na ga ƙafata ta ci gaba. Saura kaɗan ɗin da ya ce, da gaske kaɗan ne.

Kututturen ya kai ƙirjina, baƙi, sulɓi gare shi, ƙananan katantanwa sun manne a jiki. Ko tsamiya ce ko ba ita ba, ni ina zan sani. Bayansa ba komai. Fili ne shimfiɗe, laka sumul, ba tudu ba alama, ruwa ya riga ya fara lasar gefensa yana shigowa a hankali har idon sawuna. Ko da Baba ya iso, abin da zai tarar ke nan.

Na tsaya dai. Tunda tsayawa kawai ya ce.

Ban yi niyyar magana ba. Na ji na yi sallama, kamar mai shiga gidan mutane. Na ce ni ce ƙaramar. Na ce Baba ya taho, ya kusa isowa, ni na mayar da shi.

Ban san sauran abin da ake cewa ba. Yayyafi ya ƙaru, na juyo.

Ban faɗa wa Dogo ba. Ya ga wandona ya tambaya, na ce santsi ne ya kwashe ni a bayan ofis. An jima za a kira daga birni, zai tambaya ko ya rufe. Ban san wanne zan faɗa masa ba, cewa hanyar tana nan, ko abin da ke ƙarshenta. Watakila in ce saura, kamar jiya.

Sai da na zo gida ina wanke ƙafa na tuna ban ɗauko katakan ba.